Baƙuwar Da Ke Cikin Itacen Magani

1. Funfuna

Kai mai karatu, in ka taɓa rufe sauran tuwo cikin akushi da damina, ka manta da shi kwana uku ko huɗu, ka san abin da a kan tarar in an buɗe. Sai a ga wani abu kamar auduga ya lulluɓe shi, wani wuri fari, wani wuri kore, wani wuri baƙi-baƙi. Wannan abu shi ne funfuna, mu a nan Katsina mu kan ce hunhuna. In uwargida ta gani sai ta ce tuwo ya lalace, ta zubar. Ta kuwa yi daidai.

Amma funfuna aba ce mai rai. Tana ci, tana girma, tana yin iri. In an duba ta da madubin likita, watau madubin nan mai ƙara wa ƙanƙanen abu girma, sai a ga zaruruwa ne sirara, sun fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, sun sarƙe da juna kamar yanar gizo. Irinta kuwa kamar ƙura ya ke, iska ke yawo da shi ko'ina. Ita da naman kaza da ke tsirowa a juji, da yisti da a ke sa wa burodi ya tashi, duk dangi ɗaya ne. Masana sun sa wa wajen iri 150,000 suna, suna kuma lissafin cewa waɗanda ke duniya sun fi miliyan 2.

A cikin wannan darasi za ka ji labarin wata irin funfuna wadda ba ta zama a kan tuwo. Ita cikin itace mai rai ta ke zaune. Za ka kuma ji dalilin da ya sa masu binciken magani su ke nemanta ido rufe. Amma sai mu fara daga tushe.

2. Yadda aka fara samun magani daga funfuna

Cututtuka da yawa, kamar su maruru, da ciwon huhu, da ciwon sanyi, da zazzaɓin taifot, da ruɓar rauni, waɗansu ƙananan halittu ne ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani. Su a ke kira ƙwayoyin cuta, likitoci kuwa su kan ce bakteriya. Dā can in sun shiga jinin mutum, ba abin da likita zai yi sai jiyya da jira.

A cikin shekarar 1928, a wani asibiti a birnin Landan, akwai wani likita sunansa Alexander Fleming. Aikinsa kiwon ƙwayoyin cuta cikin ƙananan tasoshin gilashi masu murfi, domin ya san halinsu. Ya tafi hutu ya bar waɗansu tasoshi a kan tebur. Da ya komo sai ya tarar funfuna ta faɗa cikin ɗaya. Wani da sai ya wanke tasar kawai, amma shi ya tsaya ya duba. Sai ya ga duk kewayen funfunar ya yi fili, ƙwayoyin cutar da ke kusa da ita sun narke. Ashe wani ruwa ta ke fitarwa mai kashe su. Ya sa masa suna penisilin.

Aka yi shekara fiye da 10 ba a iya tace shi ya zama magani ba, sai da waɗansu masana biyu, Florey da Chain, suka ɗauki aikin a garin Oksfod na Ingila. A 1940 suka gwada shi a kan ɓeraye. A 1941 suka ba wani ɗan sanda wanda cuta ta shiga jininsa. Ya fara samun sauƙi, amma ɗan maganin da su ke da shi ya ƙare, cutar ta komo, ya rasu. Daga nan aka duƙufa wajen yin sa da yawa, ya ceci sojoji masu rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 aka ba su ukun kyautar Nobel.

To, me ya sa funfuna ke yin irin wannan ruwa? Domin abinci ne. Ita da ƙwayoyin cuta a akushi ɗaya su ke ci. Ba ta da hannu, ba ta da ƙafa, ruwan nan shi ne makaminta na korar abokan gaba. Mu 'yan Adam aron makamin muka yi.

3. Makamin ya fara dakushewa

Bayan penisilin an sami waɗansu magunguna irinsa da yawa. Su ne kafso da allurai da ka ke gani a asibiti da kemis. Amma yanzu wata wahala ta taso. Ƙwayoyin cuta suna sabawa da su.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka ɗauka manomi ya yi noma sama-sama, ya kashe ciyawa mai taushi, ya bar ƙiri-ƙiri mai dogon jijiya. Da an yi ruwa, wace ciyawa za ta cika gonar? Ai ƙiri-ƙiri ne, gama ya sami fili. Haka ƙwayoyin cuta su ke. Duk lokacin da mutum ya sha maganin nan, raunanan su ke fara mutuwa. In akwai masu taurin kai da suka tsira, sai su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin kan. Har su kan ba maƙwabtansu sirrin. Wanda ya sayi kafso biyu a tire ya haɗiye domin ciwon kai, da wanda ya ba kajinsa maganin mutane, duk horar da ƙwayoyin cuta su ke yi ba su sani ba. Fleming kansa ya yi gargaɗi a kan haka tun 1945.

Masana sun yi lissafi, suka ce a cikin shekarar 2019 kaɗai, mutum wajen miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda cutar da ta ƙi jin magani. In kuwa an auna da yawan jama'a, ba inda abin ya fi tsanani kamar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau namu. Saboda haka tilas a nemi sababbin magunguna tun tsofaffin ba su gama gazawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An daɗe ana tonon ƙasa ana neman halittu masu ba da magani, har ya zama yawanci abin da aka riga aka sani shi a ke sake samu. Sai masu bincike suka waiwayi wani wurin da ba a duba sosai ba, watau cikin itatuwa.

4. Baƙuwar da mai masaukinta

In ka fita ta Ƙofar Ƙaura ko ta Ƙofar Guga ka nufi daji, za ka iske sabara, da bagaruwa, da marke. Cikin gari kuma ga darbejiya jere a bakin hanya, wadda waɗansu ke ce wa bedi ko dogon yaro. In ka shiga kasuwa wajen masu magani, ga sassaƙen maɗaci, ga na hano, ga saiwoyi iri iri a ɗaure. Kakanninmu sun san amfaninsu tun ba a san asibiti ba. Har wani likita Bature, Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Arewa, ya bi mutane yana tambaya, ya tattara sunayen itatuwa da tsire-tsire na Hausa ya buga littafi a 1916. Sunan da masana ke kiran hano da shi a duniya duka yana ɗauke da sunan wannan likita.

Abin da ba a gani shi ne wannan. Ka tsinki ganyen sabara kore shar, ba tabo, ba tsutsa. Ka ce lafiyayye ne, gaskiyarka kuwa. Duk da haka a cikin naman ganyen, tsakanin 'yan ɗakunan da aka gina shi da su, akwai zaruruwan funfuna kwance. Haka cikin ɓawo, haka cikin saiwa. Kusan kowane tsiro da masana suka bincika sun tarar da ita, wani itace ma iri goma ko fiye. Wani masanin tsire-tsire na Jamus, de Bary, shi ya sa wa irin waɗannan halittu suna tun 1866, ya ce musu endofayit, watau na cikin tsiro.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙuwa in ta sauka ta zauna ke nan. Ta kan shiga ta ƙofofin da ganye ke shan iska, ko ta saiwa, ko ta wurin rauni. Wata ma cikin iri ta ke, uwa ta ba ɗa. Zamansu kamar na falke ne da fatoma. Itace ya ba ta ɗaki, ya ba ta abinci daga zaƙin da ganyensa ke yi. Ita kuwa sau da yawa ta kan biya da tsaro. Ruwan da ta ke fitarwa domin kare wurinta ya kan kori ƙwayoyin cuta, da miyagun funfuna, da ƙwari masu cin ganye. In gidan ya tsira, ita ma ta tsira.

Bari in ba ka misali da abin da ka sani. Ka san duman kada, mai yaɗo a bakin rafi da fadama, mai fure ja-ja. Cikin ganyensa akwai wani dafi, an kuwa daɗe ana tsammani shi ke yin abinsa. A 2004 waɗansu masana a birnin Bon na Jamus suka sa masa maganin kashe funfuna. Da funfunar da ke manne da ganyen ta mutu, sai dafin ya ɓace, tsiron kuwa yana nan da ransa. Ashe aikin baƙuwa ne, mai gida ya sami suna.

Da masu neman magani suka ga irin wannan, sai suka ce, to, itacen da mutane suka daɗe suna magani da shi, bari mu duba wa ke zaune cikinsa.

5. Yadda a ke fito da ita

Aikin yana son tsabta da haƙuri. Ga shi daki-daki.

Da fari a kan tsinko ganye ko reshe lafiyayye, a kai ɗakin gwaji tun bai bushe ba, a wanke da ruwa. Sa'an nan a tsoma shi cikin sifirit, a tsoma cikin ruwan bilic irin na wanki, a ɗauraye da ruwan da aka dafa har ba sauran mai rai cikinsa. Wannan wanka domin a kashe duk abin da ke bayan ganyen ne, na ciki kaɗai a ke so.

Na biyu, a dafa dankalin Turawa, a tace ruwansa, a sa sukari, a sa wani abu kamar ƙaro da a ke samu daga ciyawar teku. A zuba cikin tasoshin gilashi, ya daskare kamar kunun da ya huce. Wannan shi ne tuwon funfuna. Sai a yayyanka ganyen ƙanana da wuƙa mai tsabta, a jera a kai, a rufe. Mai gwaji na ƙwarai ya kan ɗiga ruwan ɗaurayar ƙarshe cikin wata tasa dabam. In wani abu ya tsiro a can, ya san wankansa bai yi ba, sai ya sake.

Na uku, a jira. Bayan kwanaki kaɗan, wani lokaci mako biyu ko fiye, sai a ga fararen zaruruwa suna leƙowa ta bakin yankan. Baƙuwa ta ji ƙanshin abinci ta fito. A ɗebi kowane iri a ba shi tasarsa, don kada su gauraya.

Na huɗu, a kiwata kowace cikin kwalba, da romo ko da dafaffiyar shinkafa, har mako uku ko huɗu, kāna a tatse abin da ta fitar.

Na biyar shi ne gwaji. A shafa ƙwayoyin cuta a kan sabuwar tasa. A jiƙa 'yar takarda ƙarama da ruwan da aka tatsa, a ɗora a tsakiya, a ajiye cikin ɗumi daidai da na jikin mutum har kwana ɗaya. Kashegari a duba. In ƙwayoyin sun cika tasar har bakin takarda, ba magani. In kuwa an ga fili kewaye da ita, irin wanda Fleming ya gani, sai a sa ma'auni a auna faɗinsa. Gani ya kori ji.

6. Abin da aka riga aka samu

Darbejiyar da ke ƙofar gidanka asalinta daga wajen Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo ta ƙasarmu. A can birnin Banaras na Indiya, masana sun fitar da funfuna iri iri daga cikinta. A 2009 suka ba da labarin ɗaya wadda ke yin wani sinadari, sunansa jabanisin. Cikin tasa ya hana girman wata muguwar ƙwayar cuta mai ruɓar da ƙuna da miki, wadda magunguna da yawa ba sa kama ta.

Wani Ba'amurke kuma, Gary Strobel, ya yi shekaru yana bin dazuzzukan duniya domin wannan aiki. Daga reshen itacen kirfa a ƙasar Honduras, can tsakiyar nahiyar Amurka, ya sami wata farar funfuna mai wari. Aka lura waɗansu funfuna da aka rufe tare da ita wuri ɗaya sun mutu, alhali ba ta taɓa su ba. Warinta kaɗai ke kashe su, har da ƙwayoyin cuta. A 2001 aka ba da wannan labari.

Ka kuma san makero da ke cin kan yara. Ɗaya daga cikin magungunansa na asibiti, girisiyofulbin, daga funfuna aka fara samunsa a 1939, aka soma ba mutane a 1958. Daga baya masana a Koriya da Kanada suka tarar funfunar da ke zaune cikin itatuwa masu rai tana yin wannan sinadari ita ma, tana tsare mai masaukinta da shi.

Wani alherin kuma shi ne, in maganin daga funfuna ya ke, ba sai an sare daji ba. Ganye ɗaya ya isa. Daga nan sai a kiwata ta cikin manyan tankuna, kamar yadda a ke yin penisilin.

7. Gargaɗi

Kada ka karanta wannan ka ce ashe abinci mai funfuna magani ne. A'a! Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba tana yin dafi mai lalata hanta, har ya kan kawo ciwon daji. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai wannan dafi. Gyaɗar da ta yi funfuna, ko sassaƙen da ya ruɓe a ajiye, kada a ci, kada a jiƙa, kada a ba dabba.

Kuma fili cikin tasa ba shi ne magani a hannu ba. Ruwan bilic ma yana kashe ƙwayoyin cuta, amma wa zai sha? Sai an ware sinadarin shi kaɗai, an san siffarsa, an gwada shi a kan dabbobi, sa'an nan a kan mutane kaɗan, sa'an nan a kan mutane da yawa. Wannan ya kan ci shekara 10 ko fiye, mafi yawan abin da aka fara da shi kuwa a hanya ya ke faɗuwa. Har wata funfunar, in an raba ta da itacenta ta daɗe cikin kwalba, sai ta daina yin sinadarin. Saboda haka wanda ya zo maka da kwalba ya ce maganin funfunar itace ne mai warkar da kome, riƙe kuɗinka.

8. Abin da ya rage gare mu

Watakila ka ce, ni manomi ne, ko maɗinki, ko ɗan kasuwa, ina ruwana da tasar gilashi? Da ruwanka, ta hanya uku.

Ta fari, itatuwa. Abincin da ganye ke yi ta cikin ɓawo ya ke bi ya sauka ga saiwa. In mai sassaƙe ya kewaye gindin maɗaci ko hano ya ɓare shi duka, ya yanke wannan hanya, itacen sai ya bushe. Ranar da ya mutu, baƙin da ke cikinsa sun rasa gida, ba wanda ya taɓa gwada su. In za ka ɗebi sassaƙe, ɗebi ta gefe ɗaya, a tsaye, ka bar itacen ya warke. Inda ganye zai yi, kada ka taɓa saiwa. In kana sharar gona, bar 'yan itatuwan da suka tsiro da kansu su girma. Wanda ya sare ɗaya, ya dasa biyu.

Ta biyu, magungunan da mu ke da su yanzu. Kada ka sha kafso sai likita ya rubuta maka, ka kuwa sha yadda ya ce, har kwanakin da ya ce. Kada ka ba wani sauran naka. Mura ba ta jin wannan magani, gama wata irin ƙwaya ce dabam ke kawo ta. Wanke hannu, da ruwa mai tsabta, da kai yara allura, suna rage bukatarsa. Rigakafi ya fi magani.

Ta uku, sani. Mai bincike ba zai iya gwada kowane itace na daji ba, sai an nuna masa inda zai fara. Wanda ya san wane itace a ke jiƙa wa mai zawo, da wanda a ke wanke miki da shi, shi ne dattijon da ke unguwarku. In ya tafi bai faɗa ba, saninsa ya bi shi. Kai da ka koyi karatu da rubutu, ɗauki takarda ka zauna gabansa da ladabi, ka rubuta sunan itacen, da inda ya ke tsirowa, da abin da a ke yi da shi, in ya yarda. Katsina ta daɗe da zama garin ilmi, ga hasumiyar Gobarau nan tsaye shaida. Yau kuma ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, inda 'ya'yanmu ke koyon ilmin ƙananan halittu. Gwajin da na bayyana maka a kashi na 5 bai fi ƙarfinsu ba. Sa ɗanka da 'yarka makaranta. In sanin kaka ya gamu da madubin jika, ganyen sabara ɗaya ya isa a fara aiki.

Tambayoyi

1. Me Fleming ya gani cikin tasarsa a 1928?
2. Ta yaya ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani?
3. Me itace ke ba funfunar da ke cikinsa, me kuma ta ke biyansa da shi?
4. Don me a ke wanke bayan ganye da sifirit kafin a yanka shi?
5. Rubuta sunayen itatuwan magani biyar da ke kusa da garinku, da yadda za a ɗebi sassaƙensu ba tare da an kashe su ba.